Tambaya da Amsa: Me sojoji ke gadi a tsibirin Diego Garcia?

TAMBAYA

 Ni tsohon soja ne, na ajiye kaki tun da daɗewa, yanzu rediyo ce abokiyar hirata. Na sha jin ana ambaton wani tsibiri wai shi Diego Garcia, cewa Ingila da Amurka sun jibge sojoji da jiragen yaƙi a can, alhali babu gari, babu ƙauye, babu ɗan ƙasa ko ɗaya. Abin ya ɗaure mini kai. A iya sanina, ana girke soja ne don tsaron jama'a, ko iyaka, ko wata dukiya. To su waɗannan me suke gadi a tsakiyar teku? Tsakanin Baturen Ingila da Ba'amurke wa ke ba da oda? Yaya zamansu yake a can? Kuma me ya shigar da wata ƙasar Afirka cikin rigimar? Allah ya ƙara basira.

Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA

 Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri kan hidimar da ka yi wa ƙasa.

Ka yi tambayar wanda ya san aiki. Amsarta a taƙaice ita ce: abin da sojojin ke tsaro shi ne wurin da za su iya tashi su kai farmaki daga gabashin Afirka zuwa yankin Gulf har kudancin Asiya, ba tare da sun fuskanci fushin wasu mazauna ba. Rashin jama'ar nan da ya ba ka mamaki shi ne babbar darajar wurin a idon masu shi. Sai dai ba haka Allah ya bar tsibirin ba. Da mutanensa, da gidajensu, da maƙabartar kakanninsu. Kwashe su aka yi da gangan kafin a kawo soja.

Inda wurin yake

Diego Garcia shi ne mafi girma a cikin tsibiran Chagos, waɗanda yawansu ya kusa 60, a tsakiyar Tekun Indiya. Tsakaninsa da kudancin ƙasar Indiya akwai kusan kilomita 1,800, tsakaninsa da ƙasar Mauritius kuma sama da kilomita 2,000. Ƙasar da ke bisa ruwa ba ta wuce murabba'in kilomita 30 ba, mafi yawanta kuma ba ta fi mita 2 sama da teku ba. Siririn zirin ƙasa ne na murjani da ya kewaye wani makeken tafki na ruwan teku, mai tsawon kusan kilomita 20, mashigarsa na daga arewa. Wannan tafki shi ya fara jan hankalin sojan ruwa, domin yana da zurfin da manyan jirage za su shiga su fake, kuma manyan guguwar teku ba su cika bi ta nan ba.

Abin da aka tara a ciki

A ɓangaren yamma aka gina sansanin. Akwai titin saukar jirage mai tsawon kusan mita 3,600, wanda kowane irin jirgin yaƙin Amurka zai iya sauka a kai. Daga nan jiragen B-52 masu ruwan bama-bamai suka riƙa tashi zuwa Iraƙi a yaƙin Gulf na 1991. Daga nan aka kai hare-hare Afganistan a 2001, aka sake kai wa Iraƙi a 2003. A farkon 2025, lokacin da Amurka ke luguden wuta kan 'yan Huthi a Yaman tana kuma yi wa Iran barazana, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna jiragen B-2 guda 6 a fake a filin.

A cikin tafkin kuma akwai manyan jiragen ruwa da aikinsu zaman jira ne. An shaƙe su da tankokin yaƙi, da motoci, da harsasai, da mai, da abinci, da kayan asibiti, gwargwadon abin da zai ishi dubban sojoji yaƙin wata guda. Kai ka fi ni sanin cewa kai soja fagen daga ba shi ne wahala ba, kai masa kayan aiki shi ne. Idan rikici ya ɓarke, sai a ɗebo sojoji ta sama daga Amurka, jiragen nan kuma su taso daga Diego Garcia su tarye su, a rage makonnin tafiya. Ban da wannan akwai tashar da jiragen ƙarƙashin teku ke tsayawa don gyara, da manyan rumbunan mai, da na'urorin hangen nesa masu bin sawun abubuwan da ke yawo a sararin samaniya. Ɗaya daga cikin 'yan tsirarun tashoshin ƙasa da ke aika wa taurarin GPS saƙo ma a can take, wato taurarin da taswirar wayar hannu ke dogara da su.

Wa ke ba da oda

A takarda, wurin na Birtaniya ne, tutarta ce a sama. Tun 1965 take kiransa Yankin Birtaniya na Tekun Indiya. Kwamishinan yankin yana zaune ne a ma'aikatar harkokin waje a Landan, wakilinsa a tsibirin kuma kwamanda ne na sojan ruwan Birtaniya, wanda shi ne shugaban sojojin ƙasarsa a can, shi ne hukumar farar hula, shi ne kuma majistare. Mutanensa 'yan gomomi ne kawai, ciki har da 'yan kundumbala, kuma daga cikinsu ake ɗibar masu aikin 'yan sanda da kwastan da shige da fice. Su ke buga wa duk wanda ya sauka hatimi a fasfo, su ke sa ido kan masu satar kamun kifi a ruwan yankin.

Amma ƙarfin na Amurka ne. Hafsan sojan ruwanta ke tafiyar da sansanin, jiragen nata ne, kuɗin gini nata ne. Dala ake kashewa a kantuna, kuma a hannun dama ake tuƙi irin na Amurka. Ka ga ke nan mai gida na riƙe da takardar fili, ɗan haya kuma na riƙe da makullan ɗakuna.

Zaman can zaman bariki ne tsantsa. Duka mazauna ba su wuce 'yan dubbai ba. Ba a zuwa da iyali, babu makaranta, babu yara. Yawanci soja kan yi shekara guda a canja shi. Abinci da kaya ta jirgi suke zuwa, galibi ta Singafo ko Bahrain, ruwan sha kuma daga rijiyoyin da ke tara ruwan sama a ƙarƙashin rairayi ake samunsa. Mafi yawan mutanen da ke tsibirin ma ba sojoji ba ne. 'Yan kwangila ne masu girki da shara da gini da gyaran inji, galibinsu daga Filifin, wasu daga Mauritius. Ba mai shiga sai da izini, 'yan jarida kuwa da ƙyar ake barin wani ya taka.

Wurin da ba a gani, ba a cika sanin abin da ake yi a cikinsa ba. A Fabrairun 2008 ministan harkokin wajen Birtaniya, David Miliband, ya amsa a gaban majalisa cewa a 2002 jiragen Amurka biyu, kowanne ɗauke da mutum guda da ake tsare da shi a asirce, sun sauka sun sha mai a can, bayan gwamnati ta shafe shekaru tana musantawa. A Oktoban 2021 kuma wani kwalekwale ɗauke da 'yan Tamil na Siri Lanka masu neman mafaka ya samu matsala a kusa, aka kai su tsibirin, aka ajiye su cikin tantuna a bayan shinge har shekara 3. A Disambar 2024 kotun yankin ta yanke cewa tsarewar ta saɓa wa doka, a watan da aka kwashe yawancinsu zuwa Birtaniya.

Mutanen da aka kwashe

Faransawa ne suka fara kafa gonakin kwakwa a Chagos a ƙarshen ƙarni na 18, da ƙwadagon bayin da suka kwaso daga Madagaska da Mozambik. A 1814 tsibiran suka koma hannun Birtaniya tare da Mauritius. Bayan 'yanta bayi aka kawo leburori daga Indiya, aka yi auratayya, har aka samu al'umma mai harshenta da kiɗanta da abincinta. Suna fasa kwakwa suna busarwa don a tatsi mai, suna kamun kifi, suna kiwon kaji. Wasu iyalan sun yi zuriya biyar ko fiye a wurin.

A ƙarshen shekarun 1950 wani jami'in tsare-tsare na sojan ruwan Amurka mai suna Stuart Barber ya hango cewa ƙasashen Afirka da Asiya na dab da samun 'yanci, kuma da zarar sun samu za su fara korar sansanonin Turawa. Shawararsa ita ce a yi sauri a mallaki ƙananan tsibirai masu nisa, marasa yawan jama'a, tun suna hannun 'yan mulkin mallaka. Diego Garcia ya dace da abin da yake nema, sai dai Amurka ta nemi a ba ta shi babu kowa a ciki.

A Satumbar 1965, ana tsakiyar taron neman 'yancin Mauritius a Landan, Firaminista Harold Wilson ya fahimtar da jagoran Mauritius, Seewoosagur Ramgoolam, cewa yana iya komawa gida da 'yanci, yana kuma iya komawa hannu rabbana. Aka ɓalle Chagos daga Mauritius ranar 8 ga Nuwamba, 1965, aka ba ta fam miliyan 3, sannan ta samu 'yanci a 1968. Ranar 30 ga Disamba, 1966, Birtaniya ta ba Amurka wurin na shekara 50, da damar ƙarin 20. Ladan da ta samu a ɓoye shi ne rangwamen dala miliyan 14 a cinikin makamai masu linzami na Polaris.

Saura mutane. Da an amsa cewa 'yan ƙasa ne, da dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya sun tilasta wa Birtaniya kula da haƙƙinsu da bayar da rahoto a kansu. Sai jami'ai suka shirya cewa za a riƙa kiransu 'yan ƙwadagon wucin gadi. Takardun sirrin da suka fito daga baya sun nuna jami'an sun san ƙarya ce, har wani babba a cikinsu, Denis Greenhill, ya yi musu ba'a a rubuce a 1966 yana kwatanta su da mutanen daji na labaran Turawa. Gwamnati ta sayi gonakin, aka rage kawo abinci da magani. Wanda ya je Mauritius asibiti ko ziyara, in ya zo komawa sai a ce masa babu jirgi, an sayar da tsibirin. A 1971 sojojin Amurka masu aikin gini suka sauka. A shekarar aka tattara karnukan mutane a rumbun busar da kwakwa aka kashe su da hayaƙin motoci, masu su suna kallo, kowa kuma ya gane saƙon. Aka loda sauran jama'a a jirgin dakon kaya, kowa da abin da hannunsa zai iya ɗauka. Zuwa 1973 an gama kwashe mutum tsakanin 1,500 da 2,000, aka zube su a bakin tashar ruwa a Mauritius da Seychelles, babu gida, babu aiki. Da yawa sun ƙare a unguwannin talakawa na birnin Port Louis cikin yunwa da baƙin ciki. Har yau cocinsu da kaburburansu na nan a ɓangaren gabashin Diego Garcia, jikokin jakunansu ma na yawo a dajin kwakwa. Shekaru da dama, ɗan Chagos ko aikin lebura ya nema a sansanin ba ya samu, alhali ana ɗauko ma'aikata daga nisan duniya.

Ka duba shekarar 1982, Baba. A shekarar Birtaniya ta tura rundunar ruwa dubban kilomitoci ta yaƙi Ajantina, ta rasa sojoji 255, don kare 'yancin mutum kusan 1,800 fararen fata na tsibiran Falkland su zauna inda suka zaɓa. Har yau tana da sansani a can saboda su. A wannan shekarar ce kuma ta amince ta ba 'yan Chagos, waɗanda yawansu ya yi kusan daidai da na Falkland, diyyar fam miliyan 4, aka sa da yawansu dangwala yatsa a takardar Turanci da ba su iya karantawa ba, wadda ke cewa sun yafe komawa gida.

Shari'a, da inda Afirka ta shigo

Mutanen ba su haƙura ba. Matansu sun yi zanga-zanga da yajin cin abinci a Port Louis. Olivier Bancoult, wanda aka raba da tsibirinsu yana ɗan yaro, ya kai ƙara Landan, kuma a 2000 babbar kotu ta ce korar haramtacciya ce. A 2004 gwamnati ta fitar da sabuwar doka da sunan Sarauniya, ba tare da ta bi ta majalisa ba, ta sake hana su komawa. A 2008 kotun ƙoli ta lokacin ta goyi bayan gwamnati da alƙalai 3 a kan 2. A 2010 aka ayyana ruwan yankin a matsayin wurin kare halittun teku, sai kuma wata wasiƙar sirri ta jakadancin Amurka da ta fallasa ta nuna wani jami'in Birtaniya na cewa hakan zai toshe wa mutanen hanyar dawowa.

Mauritius, wadda mamba ce a Tarayyar Afirka, ta bi ta wata hanyar. Hujjarta ita ce tun 1960 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta yanke wani yanki daga ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka kafin a ba ta 'yanci. Ƙasashen Afirka suka tsaya mata, aka miƙa maganar ga Kotun Duniya da ke Hague. A zaman Satumbar 2018 Tarayyar Afirka ta yi jawabi, Nijeriya ma na cikin ƙasashen da suka yi magana. Ranar 25 ga Fabrairu, 2019, shugaban kotun, Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya, ya karanta matsayar alƙalai 13 a kan 1: ɓalle Chagos ya saɓa wa doka, kuma wajibi ne Birtaniya ta tattara nata ya nata cikin gaggawa. A watan Mayu babban zauren Majalisar ya goyi bayan haka da ƙuri'a 116, shida kacal suka ƙi. Birtaniya ta ce ai shawara ce kotun ta bayar, ba hukunci ba, amma kunyar ta yi yawa. Ranar 22 ga Mayu, 2025, Firaminista Keir Starmer da takwaransa Navin Ramgoolam, ɗan wancan Ramgoolam na 1965, suka sa hannu a yarjejeniya: mulkin tsibiran ya koma Mauritius, Birtaniya ta karɓi hayar Diego Garcia na shekara 99 a kan kimanin fam miliyan 101 duk shekara, sansanin ya ci gaba da aiki yadda yake. Sa hannu daban, zartarwa daban, domin sai majalisar Birtaniya ta yi dokar aiwatarwa, 'yan adawa kuma sun yi wa yarjejeniyar ca tun ranar farko.

Yadda nake ganin lamarin

Masu kare sansanin suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Kaso mai yawa na man fetur da hajojin duniya ta Tekun Indiya suke bi, Sin na faɗaɗa ƙarfinta a yankin, Indiya kanta ba ta son Amurka ta tashi, ita ma Mauritius ba ta nemi a rufe wurin ba. Hasashen Stuart Barber kuma ya tabbata sau da dama. Libiya ta kori Amurka daga sansanin Wheelus a 1970. Majalisar dattawan Filifin ta ƙi sabunta yarjejeniya a 1991, Amurka ta bar sansanin Subic a 1992. A nan maƙwabta, hukumomin Nijar sun soke yarjejeniyar soja da Amurka a Maris 2024, kafin ƙarshen Satumba sojojinta sun bar Yamai da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, wanda ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina shi. Inda akwai jama'a da gwamnati, wata rana ana iya ce wa baƙo ya tashi. Abin da aka saya a Diego Garcia shi ne wurin da babu mai faɗin haka.

Amma ko an yarda sansanin na da amfani, korar mutanen ba ta zama dole ba. A Guam da Okinawa fararen hula na zaune kusa da manyan sansanonin Amurka. Ɓangaren gabashin Diego Garcia kusan babu komai a cikinsa sai dajin kwakwa, sauran tsibiran kuma suna da nisan sama da kilomita 100 daga sansanin, amma duk aka share su. Binciken da gwamnatin Birtaniya da kanta ta sa aka yi ya nuna a 2015 cewa komawar mai yiwuwa ce, ta ƙi a 2016. A 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta kira abin da aka yi wa 'yan Chagos laifin cin zarafin bil'adama.

A takarda, yarjejeniyar 2025 ta warware rigimar tuta tsakanin gwamnatoci biyu. Ta ba Mauritius damar mayar da mutane ƙananan tsibiran, ta ware asusun fam miliyan 40 don 'yan Chagos, amma Diego Garcia kansa ya ci gaba da zama haramiyarsu. Shi ya sa kansu ya rabu: wasu na ganin an buɗe ƙofa, wasu, musamman mazauna garin Crawley a Ingila, na cewa an sake yin ciniki a kansu ba a zauna da su ba. Waɗanda aka haifa a tsibiran sun tsufa, kullum raguwa suke yi, shekara 99 kuwa ta fi ƙarfin jikokinsu ma.

Saboda haka, Baba, ƙa'idar da aka koya maka a bariki ita ce daidai: amfanin soja shi ne mutum ya kwana a gidansa cikin aminci. Sansanin da sai an raba mutane da gidajensu kafin ya tsaya yana da bashi a wuyansa, kuma kuɗin hayar da za a biya wata gwamnati ba zai sauke shi ba. Abin da zai sauke shi shi ne a bar 'yan Chagos su koma har Diego Garcia, a ba su diyyar da ta dace, a kuma zauna da su a duk shawarar da ta shafi ƙasarsu. Mu kuma da manyan ƙasashe ke zawarcin filayenmu don girke soja, wajibi ne kafin a sa hannu majalisunmu su ga takardar, jama'ar wurin su san abin da ke ciki, a kuma rubuta ƙarara ranar da baƙon zai tashi da wanda ke da ikon sallamarsa.